Irin Kabewar Inna

Tandata ce ta fara mutuwa a tafiyar nan, tun ba mu yi nisa ba. Muna isa garin Lami, mai sauke kaya ya cillo ƙunshina daga saman mota kamar wanda aka aiko ya yi ɓarna. Daga inda nake tsaye na ji ƙarar, na kuma san ko mene ne ya yi ta. Na zage shi da Hausa, ya rama da wani yare, babu wanda ya ji na wani. Malam, maigidana, ya ja ni gefe yana cewa, "Ke da za ki ɗakin Allah, da faɗa za ki fara?" Na ce da shi zan fara, in ya so na tuba a can.

Ba tandar ce ta fi damuna ba. Na kai hannu ƙuguna na laluba, na ji 'yar jakar fatar tana nan inda na ɗaure ta, sannan numfashina ya dawo. Malam baduku ne, shi ya ɗinka mini ita tun muna garinsu Kangire, duk wanda ya gani sai ya zaci laya ce. Irin kabewa ne a ciki, an shanya shi an birkiɗe da toka, na Inna mahaifiyata.

Mu mutanen Maruta ne ta ƙasar Gwaram. Dangin Inna Fulani ne da suka daɗe da zama. Fillancin ya tsere musu tun zamanin kakanni, shanun ma saura kaɗan, kunya ce kawai ta ƙi tafiya. Ni kuwa ni ce 'yarta ta fari. Sunana Ramatu, amma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. In tana son na zo sai ta ce, "A ce wa waccan ta zo." In ba kowa a gidan sai ni da ita, sai ta yi magana da bango: "Ruwan randa dai ya ƙare." Ƙanwata Talatu kuwa har tsufa sunanta ya yi a bakin Inna don yawan kira. Na san al'ada ce, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta dubansa ido cikin ido. Sanin bai hana ni jin haushi ba, bai kuma hana ni kasa kunne ko za ta yi suɓul da baka ba. Ba ta taɓa yi ba.

Abu ɗaya nake da shi wanda Talatu ba ta da shi. Inna tana da wata kabewa da ta gada wajen tata uwar, mai dogon wuya, bayanta kore da ɗigo-ɗigon fari, cikinta ja kamar gwaiduwar ƙwai, ba ta da ruwa-ruwa. A kan rufin ɗakinta take yaɗo. Kowa a garin miyar taushe yake yi da kabewa, Inna kaɗai ke zuba ta a ƙullin waina. In kaka ta yi, sabon gero ya shigo gida, safiya ta fara sanyi, sai ta sa a sauko da ta farko. Ta dafa, ta murje ta cikin ƙullin da ya kwana ya tashi, ta ɗiga ruwan kanwa, ta ɗora tanda da man shanu. Wainar da ta fara fitowa ba ta ba Baba, ba ta ba Talatu. Sai ta ɗora ta a faifai, ta turo gefen da nake ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "A ɗanɗana gishiri." Shekara da shekaru ni ce mai ɗanɗana gishiri, kuma ko sau ɗaya ba ta tambaye ni yadda gishirin yake ba.

Ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba Malam ya ce gabas za mu, mu riƙa sana'a a hanya har Allah Ya kai mu Makka, kamar yadda mutane da yawa ke yi a lokacin. Da na je yi wa Inna sallama tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ajiye wani ƙullin tsumma a bakin turmi, ta ce wa turmin, "Irin nan ba ya wuce damina biyu ba a shuka shi ba. Aro ne. A dawo mini da abina." Sallamarmu ke nan.

A Lami na koyi cewa jin Hausa a bakin mutum ba dalilin sakin jiki ba ne. Muna zaune a zango mu da wasu matafiya, sai ga wani mutum da babbar riga fara tas da carbi, ya yi mana sallama da Hausa mai kyau. Da ya ji daga inda muke sai ya dafe ƙirji, wai kakarsa 'yar Birnin Kudu ce. Ya tambayi ko har yanzu yara na hawa duwatsun bayan gari. Malam, wanda ko kaza ba ya yi wa mummunan zato, har da ƙwalla. Mutumin ya ce yana da motar da za ta kai mu bakin iyakar Sudan, takardu ma shi zai yi. Aka tattara abin da ke hannu aka ba shi. Motar kuwa ta zo, ta kwashe mu, ta wuni tana gudu, sannan direba ya ce kowa ya sauka a wani ƙauye, zai je ya gyara taya ya dawo. Ina jin har yau tayar ake gyarawa.

Daga nan sai ƙafa da jakunan fatake. In mun sami gari mu zauna, Malam ya shimfiɗa fata ya yi gyaran takalma da sirdi da guga, ni na yi surfe da daka a gidajen mutane, in guzuri ya taru mu ƙara gaba. Damina ta same mu a hanya ta wuce, ban sami inda zan zauna ba balle na shuka. Da na ga gero ya nuna a gonakin mutanen da ko sunan garinsu ban sani ba, sai kewa ta kama ni, irin wadda ke hana cin abinci. Ba Baba nake tunani ba, Allah Ya gafarta mini, ba kuma Talatu ba. Faifan nan nake gani ana turowa, ina tambayar kaina wa ke ɗanɗana gishiri bana.

Damina ta biyu a Abashe ta same mu. Mun kama ɗaki a bayan gidan wani mai fataucin fatu da Malam ke yi wa aiki. Na sa Malam ya roƙa mini shi, da ɗan Larabcin da ya tsinta a hanya, ya bar ni na shuka a gindin dangarsa. Mutumin ya yi dariya ya yi nuni da hannu, wato ga danga nan har ta ishe ni. Na juye jakar duka na shuka, don wanda na rage ba zai kai baɗi da rai ba. Na yi ta korar awaki da kaji, ina faɗa da masu su da harshen da ba sa ji. Kabewar ta kama dangar ta haye, ta yi fure, ta zuba 'ya'ya masu dogon wuya. Ranar da na ga ɗigo-ɗigon farin nan ya fito a bayan ta farko, gaishe ta na yi kamar mutum.

Da suka ƙosa na ce bari na ƙara musu 'yan kwanaki irin ya yi ƙwari. Wata safiya na dawo daga rijiya na tarar da dangar wayam, ana ɗaure mangala a bayan jaki, maigidan yana tsaye yana ba da umarni.

Na sauke tulun na ce wa Malam, "Tambaye shi ina za a kai mini kabewa."

Suka yi magana. Malam ya ce, "Ya ce kasuwa. Ya ce ƙasar tasa ce, dangar tasa ce, ruwan kuma na Allah ne."

"Ka ce masa irin na uwata ne."

"Ke dai ki bi a hankali, a gidansa muke."

"Ka faɗa masa yadda na faɗa. Ya ɗauki naman duka, ya bar mini 'ya'yan ciki."

Abin da Malam ya faɗa masa ban sani ba, amma na ga ya haɗa da murmushi da sunkuyawa, na san ba maganata ya kai ba. Jakin ya tafi. Guda ɗaya aka shiga da ita cikin gida don miyarsu.

Na shiga ɗaki na zauna, jakar ba komai a ciki sai toka. A Lami da aka cuce mu ban yi kuka ba, zagi na yi. A nan ko zagin na kasa. Inna ba ta ce na dawo ba, cewa ta yi a dawo mata da abinta, kuma na san duk abin da take iya faɗa ke nan. In na koma hannu Rabbana me zan ajiye a bakin turmin?

Da la'asar sai aka ɗaga labule. Matar maigidan ce, wata doguwa mai tsage a kumatu, wadda ban taɓa gaishe ta ta amsa ba, har na sa mata suna Sarauniya a raina. Ta durƙusa ta ajiye ƙwarya ta buɗe. Cikin kabewar ne gaba ɗaya, da zarensa da 'ya'yansa, ba ta yar da ko ɗaya ba, ga yanki guda na naman a kai. Ta ɗora yatsa a leɓe. Na kama hannunta, ba ni da kalmar da zan ba ta, ita ma ba ta da ita. Na zare awarwarona zan sa mata, ta ture. Sai ta tsinci 'yan ƙwayoyi daga ƙwaryar ta ƙulle a bakin mayafinta ta fita. In yau akwai kabewa mai dogon wuya a Abashe, jikokin ta Inna ne.

Ba tanda, ba gero, ba a yi waina ba a shekarar. Na dafa yankin da gishiri muka raba. Malam ya ci nasa, daga baya ya ɗauki jakar ya ƙara mata ɗinki.

Muka ƙetare iyaka, muka ratsa garuruwan da yanzu sunayensu sun cakuɗe mini, har muka faɗa Jazira, ƙasar auduga, kusa da Madani. Nan muka ce za mu yi kaka ɗaya mu haɗa na jirgin ruwa. Nan kuma na yi furfurar farko.

Hausawa ne fal a wajen, unguwa-unguwa a bakin gonaki. Abin da ya ba ni mamaki da su, wani an haifi ubansa a nan, an binne kakansa a nan, amma ka tambaye shi sai ya ce, "Muna kan hanya." Ba sa gina ɗaki mai ƙwari, ba sa dasa itace, don kada a ce sun zauna. Da aka ga ina tona gindin bukkarmu ina zuba taki, sai wata tsohuwa, Goggo Dela, ta tsaya a kaina ta ce, "'Yar nan, mu nan ba ma shuka a ƙofar ɗaki. Ko kin sauke niyya ne?" Na ce, "Goggo, ku da ba ku shuka ba, yaushe za ku tashi?" Daga ranar ta daina amsa gaisuwata.

Malam ma abin ya tsaya masa, ya ce mutane na magana. Na ce masa ni ba don na zauna nake shukawa ba, don na koma ne. Ya dube ni ya ce gabas muka nufa, ni kuma kullum ƙeyata ce ke kallon gabas. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba.

Cirar auduga aiki ne mai cin yatsu da ƙugu. Kana sunkuye tun hantsi, ƙwanson yana tsaga maka fata, in ka kai wajen awo kuma sikelin mai gona bai taɓa yin kuskure a wajenka ba, kullum a wajensa yake yi. Mutanen ƙasar kuwa Takari suke ce mana, wasu da wasa, wasu da raini. Amma in na dawo na hango ganyen nan ya lulluɓe rufin bukkarmu, ita kaɗai kore a duk unguwar, sai na ji kamar in na sunkuya na shiga zan tarar da Inna a ciki.

Da kabewar ta nuna sai ga wata matsala. Tanda ɗaya ce a unguwar, kuma ta Goggo Dela ce. Na aika aro, aka ce tana kan wuta. Na sake aikawa, aka ce tana kan wuta. Tandar nan ba ta sauka daga wuta ba har na fahimta. Akwai wata Balarabiya mai suna Amuna da ke sayar mana da kisira a bakin gona, wani abincinsu ne mai faɗi, siriri, da suke gasawa a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe. Na yi mata bayani da Larabcina na 'yan auduga, ta ce na zo da sassafe kafin ta fara nata.

Gero a can sai mai hali, don haka dawa na jiƙa na niƙa, na bar ƙullin ya kwana. Da gari ya waye, da ɗan sanyin nan na kaka, na dafa kabewar na murje ta da ludayi na zuba, ƙullin ya koma ruwan ɗorawa. Amuna ta shafa wa ƙarfen man riɗi da tsumma. Na zuba ludayi guda, sai ya baje ya yi faɗi, ƙananan ramuka suka ɓullo a samansa, na sa wuƙa na juya. Ba waina ba ce, ba kisira ba ce. Amma ƙamshin da ya tashi na tsakar gidanmu ne, ba ragi. Na ɗauke ta farko na riƙe a hannu ina waige-waige, na rasa inda zan kai ta. Duk rayuwata turo mini ita ake yi. Amuna ta ga ƙwalla ta zubo mini, ta tambaye ni da ido, na ce hayaƙi ne.

A hanyar komawa na tsaya a ƙofar Goggo Dela na ajiye mata biyu a murfin kwano, don ni faɗana ba ya hana ni kyauta. Da yamma sai ga ta da sandarta. Ta zauna ba a ce ta zauna ba. Ashe a hanya aka haife ta, tana goye aka shigo da ita ƙasar, ba ta taɓa ganin garin iyayenta ba. Ta ce, "Haka ake ci a gida?" Na ce, "A'a, Goggo. A gida da tanda ake yi." Ta yi dariya har ta ƙware. Da kaka ta zagayo, tandar da kanta ta zo ƙofata ban aika ba.

A Jazira na haifi 'yata ta fari. Da aka raɗa suna aka miƙo mini ita, sai na ji sunan ya ƙi fita daga bakina, ni da na sha rantsuwa ba zan yi wa nawa haka ba. Waɗanda suka biyo bayanta ba su tsaya ba, suna kwance a can. Ita kuwa tun da ta yi haƙora take ɗanɗana mini gishiri, kuma har yau da take da jikoki "waccan" nake ce mata.

Kowace shekara na zaɓi wadda ta fi kama da ta Inna na cire irinta na cika jakar. Kowace shekara kuma abin jirgin ya kusa haɗuwa sai wani abu ya cinye shi, ciwo ko haihuwa ko rashin albarkar auduga. Na wayi gari wata rana wata sabuwar zuwa ta tambaye ni ko nan muke da zama, na ji bakina ya ce, "Muna kan hanya." Ranar na ce wa Malam ko da bara ne bana sai mun tashi.

Da ƙyar muka kai bakin teku muka haye. Malam ya ga abin da ya fito nema, ya tsaya a Arfa ya yi kukansa. Ba a jima ba ciwon ƙirjin da ya kwaso a gonakin auduga ya kwantar da shi, aka binne shi a can. Mutane suna ce mini ya dace, na kuma san ya dace. Amma ni aka bari da yarinya da jakar da ya ɗinka, a garin da ba ƙasar shuka sai dutse. Na kama wanki da girki a masaukin alhazai. Na gwada shuka a gwangwani da ruwan wanke-wanke, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Ban ƙara ba, don irin raguwa yake. Can ba a damina, amma jikina ya san lokacinta. Ɗaya ta wuce, ta biyu ma ta wuce.

Lokacin ne alhazan ƙasarmu suka fara zuwa tuli a jirgin sama. An ce an sami man fetur, kuɗi ya shigo hannun mutane. Wata Hajiya mai jiki da nake yi wa wanki ta ce mini jiya ta karya kumallo a Birnin Kudu. Na ce, "Hajiya, jiya fa kika ce?" Ta ce jiya. Hanyar da ta ci mini miji da ƙuruciya, ita ko kokon bai gama sauka a cikinta ba. Na tambaye ta ko ta san Maruta. Ta ce ƙanwar mijinta a can take aure. Na kwatanta mata gidanmu.

Ta ce, "Gidan da ake kabewa a kan ɗaki? Tsohon ya rasu a shekarun fari da yunwa. Tsohuwar tana nan, amma in kina da niyya kada ki tsaya haɗa tsaraba."

Allah Ya saka wa matar nan da mijinta. Shi ya yi ta shiga da fita har aka sama mana wuri ni da yarinyar a jirgin da ya komo da su. Na sauka Kano ban gane ta ba. Kwalta ta miƙe har Birnin Kudu, babura ko'ina, rediyo a hannun kowa, hira duk ta kwangila ce. Mutane suna jin Hausata suna tambayar ko ni 'yar wace ƙasa ce.

Inna tana zaune a tabarma a inuwar ɗakinta, ta ƙanƙance. Rufin ɗakin ba komai sai tsohuwar ciyawa. Na durƙusa na gaishe ta, kaina a ƙasa yadda na saba. Na ji shiru, na ɗago. Kallona take yi ido cikin ido, da fara'a. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin tsakiyar idonta ba sai ran nan. Ta ce, "Maraba da baƙuwa. Daga ina? Talatu, kawo wa baƙuwa ruwa."

Na kwance jakar na ajiye a bakin turmi na ce, "Inna, ga aron an dawo da shi." Ta duba ta ce layar ta yi kyau, wa ya ɗinka?

Talatu ce ta ba ni labari bayan mun gama kukanmu. A shekarun fari Inna ta shuka, ruwa ya ɗauke. Ta sake shukawa, ya sake ɗaukewa, har irin ya ƙare ƙaf, na maƙwabta da ta taɓa ba su ma ya ƙare. Tun shekarar da rufin ɗakin ya zauna tsirara ta fara mantuwa. Talatu kaɗai take ganewa, ita ma ba kullum ba.

Ruwan farko na sauka na tona gindin ɗakin na juye jakar. Irin ya wuce wa'adin da Inna ta faɗa, na sani, shi ya sa kullum da safe nake zuwa na tsuguna a kansa kamar mai jiran gawa ta yi motsi. Har na fid da rai sai guda biyu suka ɓullo. Tsutsa ta yanke ɗaya. Ɗayar na kewaye ta da ƙaya, na hana kowa matsawa kusa, har 'ya'yan Talatu suka riƙa cewa Goggon Makka ta fi son kabewa da mutane.

Duk daminar nan ni baƙuwa ce a gidanmu. Inna ta riƙa jana da hira, ta kama hannuna, ta tambayi ko an ba ni abinci, ta ce na daɗe ban tafi ba amma ba komai, gidan yana da faɗi. Abin da na yi ƙuruciyata ina nema ke nan, ga shi an zuba mini, amma ba ni aka ba ba, baƙuwa aka ba. Ni ma na koyi zaman baƙunta, ina magana ƙasa-ƙasa, ba faɗa, ba tsawa, don kada na firgita ta. Kabewar tana hawa ɗaki, ita tana raguwa. Kafin gero ya yi ƙwaya ta daina fitowa tsakar gida. Na riƙa duban rufin ina duban ƙofar ɗakin, ina roƙon Allah Ya sa kabewar ta riga.

Uku ta zuba. Da wuyan ta farko ya bushe aka hau aka sauko da ita. Sabon gero ya shigo, na surfa na jiƙa na niƙa, Talatu ta zaro tsohuwar tandar Inna daga ƙarƙashin gado. Washegari da sassafe, sanyin kaka yana ɗan taɓa fata, na dafa kabewar na murje a ƙullin, na ɗiga kanwa, na shafa man shanu. Ƙamshin bai gama zaga gidan ba muka ji muryarta daga ɗaki tana cewa a fito da ita. Muka tallafo ta ni da Talatu muka zaunar kusa da murhu, muka lulluɓa mata mayafi.

Ta ce, "Wutar ta yi yawa. Ja itace ɗaya." Na ja.

Ta farko ta fito, gefenta ya yi ja, tsakiyarta ta kumbura. Na ɗora ta a faifai na tura gabanta. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta girgiza kai.

"A'a, baƙuwa. Ta farko ba a ci. Ta Ramatu ce."

Talatu ta tsaya cak da ƙwarya a hannu. Ni kuwa na ji sunan ya shiga kunnena kamar na wata. Na ce, "Wace ce Ramatu, Inna?"

"'Yata ce, ta fari. Ramatu." Ta sake faɗa a hankali, ta matso da kanta kusa da ni. "Ba ki san ta ba, ta tafi gabas. Ga faɗa, ga baki, amma ba ta riƙe mutum. Tana jaririya, in an watse an tafi gona, sai na sakaya ƙofa na yi ta kiran sunanta ni da ita. Kada ki faɗa wa kowa."

"Ba zan faɗa ba."

"Ke da kika fito daga can, kin gan ta?"

"Na gan ta, Inna."

"Tana cin abinci? In ranta ya ɓaci ba ta ci."

Na ce, "Tana ci."

Na juya ga tandar don kada ta ga fuskata, sai na tarar wata kaza ta lallaɓo ta tsoma kai tsundum a ƙwaryar ƙullin. Ban san lokacin da na wawuri ludayi na bi ta ba, ina zaginta da uwarta da wanda ya saye ta da wanda zai ci ta, da muryar da duk Maruta ta san ni da ita tun ina yarinya. Sai da kazar ta haye danga na tuna ni baƙuwa ce.

Na dawo a sanyaye. Inna ta dube ni sau ɗaya, sannan na ga idonta ya zame daga fuskata a hankali ya koma bango. Ta ja mayafi ta gyara a kanta. Ta sa kan yatsunta ta turo faifan gefen da nake, ta ce wa bangon, "A ɗanɗana gishiri."

Na ɗauka da hannu biyu. Ta riga ta huce, gishirin kuma bai ji ba. Na cinye ta tas ina kuka, ita tana kallon bango, ba ta tambaye ni ba.